Wutar daji ta ci lambunmu, hayaƙi ya shiga ɗakin littattafai: me za mu koya daga gidan tarihin Getty Villa?

Malamin Zane, Wusasa:

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaida 'yan'uwa na wannan zaure, manya da ƙanana, da fatan kowa yana lafiya.

Ni malamin zane ne a wata makarantar sakandare, kuma gidanmu na gado yana bakin gari ta wajen Wusasa, inda gidaje suke ƙarewa gonaki su fara, ana hango dutsen Kufena daga tsakar gida. A cikin gidan akwai ɗaki guda da muka keɓe domin ajiyar abin da kakanmu ya bari: littattafai rubutun hannu na Larabci da na ajami a cikin gafakarsu, da alluna, da wasu tsofaffin riguna masu aiki. Da shekaru suka tafi sai na ƙara musu zane-zanena da na ɗalibaina, har ta kai ga yaran unguwa suna zuwa kallo ranar Asabar. Bayan ɗakin akwai lambun da mahaifinmu ya dasa, mangwaro da gwaiba da lemun tsami, da layin bishiyar turare a jikin darni.

Makonni uku da suka wuce, da rana tsaka iskar hunturu tana kaɗawa, wuta ta taso daga gonakin da aka riga aka girbe. Ta bi karan dawa da busasshiyar ciyawa, ta cinye darnin, ta hau bishiyoyin turaren, sannan ta lashi gefen mangwarorin. Allah Ya saka wa maƙwabta da alheri, domin su ne suka fito da bokitai da ɗanyen ganye suka tare ta kafin ta kai rufin. Ɗakin bai ƙone ba, amma hayaƙi ya shiga ta taga da ta ƙarƙashin kwano, kuma yanzu duk abin da hannu ya taɓa sai ya fito baƙi.

A cikin wannan damuwa ne na tuna da labarin gidan adana kayan tarihi na Getty Villa da ke Los Angeles a jihar Kalifoniya ta Amurka, wanda gobarar daji ta kewaye a watan Janairu na 2025, ta ƙone bishiyoyinsa, amma kayan da ke ciki suka tsira, aka kuma sake buɗe shi bayan wasu watanni. Tambayata ga masu sani ita ce: mene ne ainihin abin da ya tsare gidan, kuma wane aiki suka yi a watannin da yake rufe? Shin akwai abin da mai ɗaki ɗaya da lambu ɗaya kamata zai iya ɗauka daga wurinsu? Yaya zan cire baƙin hayaƙi daga takarda da zane ba tare da na ɓata su ba? Su kuma bishiyoyin da suka babbake, in sare su yanzu ko in saurara musu? Yayana yana son a kira masu injin yankan katako a wannan makon, ni kuwa zuciyata ba ta kwanta ba, domin da hannun mahaifinmu aka dasa su.

Ma'ajin Takardu, Samaru:

Wa alaikumus salam, Malam. Jaje, Allah Ya kiyaye gaba, Ya kuma mayar da alheri. Na yi shekaru ina aikin kula da tsofaffin takardu, saboda haka zan fara da abin da ya fi gaggawa kafin in zo kan labarin Amurka: kada ka bari kowa ya sa jiƙaƙƙen tsumma a kan littattafan nan ko zane-zanen, kuma kada a goga su ko da busasshen tsumma ne. Zan dawo kan dalili.

Getty Villa gida ne da attajirin man fetur J. Paul Getty ya sa aka gina, aka buɗe shi a 1974, kuma an kwaikwayi fasalinsa ne daga wani gidan Rumawa na garin Herkulaniyom a Italiya, wanda aman dutsen Besubiyos ya binne a shekara ta 79 miladiyya. Kayan da ke cikinsa sun kai kusan 44,000, na tsoffin mutanen Girka da Rum da Eturuskawa na tsohuwar Italiya, ciki har da sassaƙen dutse da tagulla da tukwane masu zane. Gobarar ta tashi ranar Talata 7 ga Janairu, 2025, a unguwar Pacific Palisades, busasshiyar iskar da suke kira Santa Ana tana hura ta daga tudu zuwa teku bayan watanni ba a ga ruwan kirki ba. Kafin a shawo kanta a ƙarshen watan ta cinye eka sama da 23,000, da gine-gine fiye da 6,800, ta kuma kashe mutum 12. Talata ita ce ranar da gidan ba ya karɓar baƙi, saboda haka ba a sha wahalar kwashe masu ziyara ba.

Abin da ya tsare gidan ya kasu biyu, kuma kashi mafi girma an yi shi ne tun kafin wuta ta tashi. Duk shekara suna share busasshen daji da ke kewaye da harabar, suna rage rassan bishiyoyi, kuma suna da tankin ruwa nasu. Ginin kansa na kankare ne mai rufin tayal, ɗakunan nuni kuma bangonsu ruɓi biyu ne. Kashi na biyu shi ne abin da aka yi a ranar. Ma'aikata 17 daga masu gadi da masu kula da gini da masu lambu suka zaɓi su tsaya. Suka kunna ruwan ban-lambu tun da wuri domin ƙasa da tsirrai su jiƙe, suka rufe hanyoyin da iska take shiga ɗakunan nuni domin kada hayaƙi ya samu kafa, suka riƙa zagayawa suna kashe ƙananan wutar da garwashi yake tayarwa nan da can. Wannan na ƙarshe shi ne abin da mutane ba su cika lura da shi ba. A irin wannan gobara, sau da yawa ba harshen wutar ne yake kama gida ba, garwashin da iska take ɗauka ne, wanda yakan yi tafiyar fiye da kilomita guda ya faɗa cikin tarin ganye a kan rufi ko a lungun bango, ya yi ta ci a hankali har ya kama. Mutum ɗaya da yake tsaye a wurin a minti na farko yana iya kashe abin da motar kwana-kwana ba za ta iya kashewa ba bayan rabin sa'a.

Duk da haka sai da gidan ya yi kusan wata shida a rufe, ba a buɗe ba sai ranar 27 ga Yuni, 2025. A wannan tsakanin suka wanke ciki da waje, suka zubar da ruwan da ke cikin bututu suka ɗauraye su, suka canja dukkan matatun iska da na ruwa, suka kuma cire bishiyoyi fiye da 1,300 da wuta ta lalata. Tokar da ta zubo musu ba tokar itace kaɗai ba ce, ta haɗa da ta gidaje da motoci da robobi da fenti, shi ya sa suka ɗauke ta a matsayin guba. Ko da suka buɗe, kwana huɗu kawai suke karɓar baƙi a mako, Juma'a zuwa Litinin, kuma mutum 500 a rana. Sun buɗe ne da nunin kayan tsohuwar masarautar Pilos ta ƙasar Girka. Ka ga ke nan, Malam, gidan da wuta ba ta shiga ba ma ya ɗauki wannan lokaci, don haka kada ka matsa wa kanka cewa sai ka gama naka cikin mako biyu.

To, batun baƙin hayaƙi. Abin da ya kwanta a kan kayanka ba ƙura ba ce irin ta hunturu wadda ake kaɗewa. Ƙwayoyinsa sun fi ƙura ƙanƙanta nesa ba kusa ba, suna da maiƙo, kuma suna da tsami mai cin takarda idan suka daɗe, musamman idan laima ta same su. Idan ka goga, ka tura su ne cikin jikin takardar, idan kuma ka sa ruwa, tawadarmu ta gargajiya da ake haɗawa da ƙaro za ta narke ta bi ruwan. Abin da za ka yi shi ne ka fara da ɗakin kafin kayan. Ka rufe hanci da baki, ka kwashe kayan zuwa wani ɗaki mai tsabta, kana ɗaukar kowanne a kan tire ko faifai domin kada yatsu su yi ta taɓa shi, sannan a share ɗakin tun daga rufi zuwa daɓe. Littattafan da suke cikin gafaka mai yiwuwa ba su sha wahala sosai ba, fatar ce ta karɓi baƙin. Ka tsabtace bayan gafakar, ka kuma tsabtace hannunka kafin ka buɗe ta, in ba haka ba kai da kanka za ka kai baƙin ciki. Ga takardun da suke a fili, ka nemi burushi mai laushi ƙwarai, irin wanda kuke zanen ruwa da shi, ka riƙa ɗaga baƙin a hankali daga tsakiya zuwa gefe. Idan ka samu aron na'urar zuƙe ƙura, ka ɗaure bakinta da siririn ƙyalle, ka riƙe ta kusa da takardar ba tare da ta taɓa ba. Zanen da aka yi da gawayi ko alli kuwa kada burushi ya je kusa da shi, ka ajiye shi a kwance ka nemi wanda ya san aikin. Warin hayaƙi zai tafi a hankali idan ka shanya kayan a inuwa inda iska take ratsawa, ko ka sa su a kwali tare da kwanon gawayi a gefe ba tare da sun haɗu ba. Rana ba ta da amfani a nan, domin tana busar da takarda har ta riƙa karyewa.

Kuma tun da Allah Ya sa za ka buɗe kowane littafi, ka ɗauki hoton kowane shafi da waya, ka ajiye hotunan a wuri biyu, ɗaya a wajen gidan.

Ɗan Tudun Wada:

Malam, Allah Ya tsare gaba. Na karanta bayanin Ma'aji, kuma ban ga kuskure a cikinsa ba, sai dai ina da ja a kan misalin da kansa. Getty Villa mallakar gidauniyar Getty ce, wadda take cikin gidauniyoyin fasaha mafi dukiya a duniya. Bango ruɓi biyu, da na'urar da za ta rufe iska, da ma'aikatan da za su share daji duk shekara, duk kuɗi ne. A wannan gobarar ce kuma gidan tarihi na tsohon ɗan wasan kwaikwayo Will Rogers, wanda ba shi da nisa da su, ya ƙone ƙurmus, kuma dubban iyalai da suke zagaye da Getty Villa suka rasa muhallinsu. Idan muka ce wa mai ɗaki ɗaya a Wusasa ya yi koyi da su, ina tsoron kada mu zama kamar mai nuna wa mai jaki yadda ake ɗaura wa doki sirdi.

A ganina misalan da suka fi kama da halinmu su ne na waɗanda suka yi asara. A ranar 2 ga Satumba, 2018, babban gidan tarihin ƙasar Barazil da ke Rio ya ƙone, wanda yake ɗauke da abubuwa kusan miliyan 20, kuma mafi yawansu sun tafi. Wutar lantarki ce ta jawo ta, daga na'urar sanyaya ɗaki, da 'yan kwana-kwana suka iso kuma sai suka tarar famfunan kashe gobara na kusa ba su da isasshen ruwa, sai da aka ɗebo daga wani tafki. A nan Afirka kuma, a watan Afrilu na 2021 wutar daji ta gangaro daga tsaunin da ke bayan Jami'ar Cape Town ta cinye ɗakin karatu na Jagger, inda aka tara littattafai da takardun tarihin Afirka. Abin da ya tsira a ɗakunan ƙasa sai ruwan kashe gobarar ya jiƙa shi, aka yi kwanaki mutane suna miƙa wa juna akwatuna hannu da hannu, aka sa jiƙaƙƙun takardun a cikin sanyin ƙanƙara domin kada su yi funfuna kafin a samu damar gyara su.

Abin da yake damuna shi ne Zariya tana cike da irin wannan dukiya. Garin da ƙungiyar matasan masu zane ta 1958 ta fito, su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, garin da Babban Gwani ya gina masallacin Juma'a a ƙarni na 19, garin da aka fara buga jaridar Hausa ta Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939. Ban da abin da yake hannun hukumomi, akwai ɗaruruwan gidajen malamai a cikin birni da suke da gafakoki irin na kakan Malam, kuma abin da zai cinye su ba daji ba ne, tsohuwar wayar lantarki ce, da murhu, da garwashin da ake shiga da shi ɗaki saboda sanyin hunturu. Malam ya gyara lambunsa, amma ya kira mai gyaran wuta ya duba wayar ɗakin nan, ko ma a cire ta gaba ɗaya a riƙa amfani da fitila mai caji.

Uwar Lambu, Shika:

Assalamu alaikum. Sannu Malam, Allah Ya sa iyakar abin ke nan. Ni aikina renon bishiyoyi ne, saboda haka zan tsaya a kan lambun, kuma zan fara da roƙon ka ba Yayanka haƙuri ya dakatar da masu injin nan.

Ƙanena na Tudun Wada ya yi gaskiya a kan kuɗi, amma a ganina ya wuce wuri ɗaya da sauri. Daga cikin abubuwan da Ma'aji ya lissafa, sharar daji da rage rassa da jiƙa ƙasa da tsayuwar mutane a wurin, babu wanda ya fi ƙarfin gida mai fartanya da adda da rijiya. Kakanninmu ma suna yin haka, suna share kewayen rumbu tas kafin hunturu ya shigo, kuma manoma da yawa har yanzu suna nome gefen gona domin wuta ta rasa abin bi. A Kalifoniya doka ce mai gida a yankin gobara ya gyara ƙafa 100 a kewayen gidansa, wato kusan mita 30, kuma masana suna cewa ƙafa 5 na farko da suke jikin bango su ne mafi muhimmanci, kada a bar komai mai kamawa a wurin. Mu a nan jikin bango ne muke jingina itacen girki da kara da harawa.

Akwai kuma abin lura a tsarin lambun Getty Villa. Lambuna huɗu ne a cikinsa irin na Rumawa, mafi girmansu yana da dogon tafki mai tsawon kusan mita 67 a tsakiya, akwai kuma lambun ganyayen ƙamshi da na magani, inda ake samun rumman da ɓaure da inabi da zaitun da na'ana'a. Waɗannan lambuna na ciki, da ake ba ruwa kullum ana aske su, tsakaninsu kuma akwai daɓen dutse da bango, sun tsira. Inda wuta ta yi ɓarna sosai shi ne gangaren tuddan da suke kewaye, inda bishiyoyi suke haɗe da daji. Lambun da yake ɗanye, wanda aka raba shi da hanyoyi, garkuwa ne ga gida. Wanda aka bari ganye ya taru a ƙarƙashinsa, rassa suka sauko suka haɗu da ciyawa, shi kuma tsani ne da wuta za ta taka ta hau rufi.

Yanzu ga bishiyoyinka. Ganye ya babbake ba ya nufin bishiya ta mutu. Rayuwarta tana cikin siririn sashen da yake ƙarƙashin ɓawo. Ka ɗauki wuƙa ka kankare ɓawon kaɗan, kamar faɗin farce, a wurare uku ko huɗu a kewayen gindin, sannan a kan manyan rassa. Idan ka ga kore ko fari mai danshi, tana da rai. Idan ka ga ruwan ƙasa a bushe, wannan gefen ya mutu. Bishiyar da gindinta ya mutu a kewaye gaba ɗaya ba za ta tashi daga sama ba, ko da ganyenta ya yi makonni yana kore, amma wadda gefe ɗaya kawai wuta ta dafa tana iya rufe ciwon a cikin 'yan shekaru. Manyan mangwaro suna da haƙuri. Gwaiba ɓawonta siriri ne, saman yakan mutu, amma sau da yawa takan tofo daga tushe. Lemun tsami shi ne mai rauni, kuma idan ɗaurarre ne, wato an haɗa reshen wani iri a kan tushen wani, ka lura da inda tohon ya fito, domin idan daga ƙasan ɗaurin ne, ba irin da mahaifinku ya dasa ba ne zai dawo. Wanda za a sare yanzu shi ne kawai wanda gindinsa ya ci har ya yi rami, ko ya karkata zuwa ɗaki ko hanyar yara. Sauran a bar su har ruwa ya sauka a watan Mayu ya zauna, zuwa Yuli za su nuna maka da kansu inda za ka yanke.

Kafin nan ka riƙa ba su ruwa mai yawa sau ɗaya a mako, a ƙarƙashin inda rassa suka ƙare, ba a jikin gindi ba, domin zafin Maris da Afrilu yana gaba kuma ba su da ganyen da zai yi musu inuwa. Kada ka zuba takin zamani yanzu, saiwar da ta ji ciwo ba ta iya ɗaukarsa. Idan ɓawon da ya saba da inuwa ya fito fili, ka shafa masa farar ƙasa da aka dama da ruwa domin kada rana ta ƙara ƙona shi. Ka kuma sa ido a kan gara da ƙwarin da suke huda itace, suna son bishiyar da ta raunana.

Ƙasar ma tana bukatar kulawa. Wuta ta cinye abin da yake rufe ta, kuma ruwan farko na Zariya da iska da ƙarfi yake zuwa. A Los Angeles ma haka ta faru, ruwan da aka yi a watan Fabrairu bayan gobarar ya kwaso laka da duwatsu daga ƙonannun tuddai ya zuba a babbar hanyar bakin teku da take wucewa ta ƙofar Getty Villa. Idan lambunka yana da gangare, ka yi kunya a kwance ta tare ruwa, ka jera duwatsu, sannan gab da damina ka baza takin gida da ya ruɓe.

Bishiyoyin turaren kuwa, su ne kaɗai zan ce kada ka yi baƙin cikin rabuwa da su. Ganyensu mai ne, ɓawonsu yana zuba ya taru, idan suka kama kuma suna watsa garwashi nesa. Za su tofo, domin da wuya wuta ta kashe su, amma ban so a ce suna kusa da ɗakin da yake ɗauke da littattafai. Ka mayar da mangwaro ko kashu a layin, ka bar tazara tsakaninsu, kada kuma wani reshe ya rufa a kan kwano. Maimakon darnin kara, ko da tubalin ƙasa ne ka ja katanga ta ɓangaren gonakin.

Malamin Zane, Wusasa:

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka wa kowa da alheri. Hajiya, jiya da yamma ni da Yaya muka zagaya da wuƙa kamar yadda kika ce. Daga cikin mangwaro tara, bakwai sun nuna kore a kewaye, ɗaya gefensa na gabas ya mutu, ɗaya kuma ya yi rami a gindi kuma yana fuskantar ɗakin, shi mun amince a sare. Yaya ya yarda a bar sauran zuwa damina. Turaren za a cire su duka.

Malam Ma'aji, dole in faɗi cewa kafin in rubuto tambayata na riga na goge zane biyu da jiƙaƙƙen tsumma, kuma baƙin ya shige cikinsu kamar yadda ka bayyana. Nawa ne, ba na ɗalibai ba, wannan ya rage mini zafi. Na buɗe gafaka uku bayan na tsabtace bayansu, takardun ciki lafiya lau, sai wari. Akwai dai littafi ɗaya da ba ya cikin gafaka, yana kusa da taga, kuma ruwan da maƙwabta suka watsa ya taɓa shi. Shafukansa sun manne da juna, gefen kuma ya yi ɗigo-ɗigo masu launin toka. Shi ne mafi tsufa a cikinsu, kuma akwai rubutun kakanmu a gefen shafukan. Me zan yi da shi? Ɗan'uwa na Tudun Wada, mai gyaran wuta zai zo ranar Asabar in Allah Ya yarda.

Ma'ajin Takardu, Samaru:

Malam, waɗannan ɗigo-ɗigon funfuna ce. Takardar da ta jiƙe takan fara yin ta cikin kwana biyu ko uku, kuma tana yaɗuwa, saboda haka ka raba littafin da sauran yau ɗin nan, ka kai shi wani ɗaki dabam. Sa'ar da aka yi ita ce muna cikin hunturu, iska a bushe take, da a watan Agusta ne da magana ta fi haka tsanani.

Kada ka yi ƙoƙarin ɓamɓare shafukan da suka manne, ko da wuƙa ko da farce, domin ƙaron da yake cikin tawadar ne ya narke ya zama gam, idan ka ja kuma rubutun shafi ɗaya zai bi ɗayan. Ka shimfiɗa farar takarda marar rubutu a kan tebur a inuwa, ka kwantar da littafin a kai, inda ya buɗu da kansa ka sa farar takarda a tsakani, kana canja ta safe da yamma har sai ta daina ɗaukar danshi. Kada ka sa shi a leda, kada ka danne shi da abu mai nauyi, kuma ka rufe hanci duk lokacin da kake kusa da shi. Idan ya bushe sarai, funfunar za ta koma gari, a sannan ne ake share ta da burushi mai laushi a waje, ba a cikin ɗaki ba, kuma burushin ba zai sake taɓa wani littafi ba sai an wanke shi ya bushe.

Raba shafukan da suka manne aiki ne na wanda ya koya, ana yin sa ne da danshi kaɗan da ake aunawa da siririn ƙarfe mai faɗi, shafi ɗaya yana iya cin sa'a guda. Ka bar wannan. Ka ɗauki hoton bangon littafin, da gefen da ya jiƙe, da shafi ɗaya da ya buɗu, ka turo mini ta saƙon sirri in ga irin takardar da irin tawadar. Idan ranar Lahadi bayan la'asar kana gida, zan shigo Wusasa da burushina da takardun tsotse danshi mu duba shi tare.